Sharhi Kan Sauya Sigar Hotuna a Intanet

Al'amarin da zan yi magana a kansa yau, wanda ya ji shi daga nesa zai ɗauka sha'anin samari ne masu sana'ar kwamfuta, babu ruwan dattijo ko uwargida da shi. Amma ina roƙon ku ba ni aron hankalinku zuwa ƙarshe, domin a zamanin da muke ciki, wanda ba a neman makaranta, ko aiki, ko kujerar Hajji, ko buɗe asusun banki, face sai an ce wa mutum ya aika da hotonsa da hoton takardunsa, babu gidan da wannan magana ba ta shiga ba, ko masu gidan sun sani ko ba su sani ba.

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanena wani shagon kwamfuta da ke bakin kasuwar garinmu, irin waɗanda ake kira kafe, domin ya cika takardar neman shiga makaranta. Muka tarar da benci cike da ɗalibai, kowa rungume da ambulan ɗin takardunsa, janareto yana ta ruri a ƙofa, yaron shagon kuwa gumi yana zuba a goshinsa saboda yawan masu jira. Da layi ya zo kanmu, sai shafin makarantar ya ƙi karɓar hoton yaron, ya ce shi JPEG yake so, kuma kada nauyinsa ya wuce kilobait 50, alhali hoton da muka zo da shi, wanda wani abokinsa ya ɗauke shi da iPhone, sunansa ya ƙare da HEIC, nauyinsa kuma ya haura megabait 2. Yaron shago bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta 'yan kalmomi a wurin bincike, ya danna shafin farko da ya fito, ya ɗora hoton, ya sauke shi a sabuwar siga. Sa'an nan ya bi bayansa da takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da katin shaidar ɗan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, duk a wannan shafi. Na ce masa, "Yaro, wane ne mai wannan shafin?" Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Kullum dai shi nake amfani da shi, kuma kyauta ne." Ban ga laifinsa ba, domin ba da mugun nufi ya yi ba, kuma aikinmu ya biya. Sai dai tun daga wannan rana amsar tasa ba ta bar zuciyata ba.

Kafin mu kai ga abin da ya dame ni, ya kamata mu fahimci mene ne sigar hoto. Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta, haƙiƙaninsa tarin ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai, jere sahu-sahu, kowane ɗigo da launinsa, kowane launi kuma an haɗa shi daga ja da kore da shuɗi, kowannensu yana da daraja 256 daga duhu zuwa haske, abin da ya ba da launuka sama da miliyan 16. Kyamarar waya mai ɗigo miliyan 12, in da za ta rubuta bayanin kowane ɗigo filla-filla ba tare da wata dabara ba, da hoto guda ya kai wajen megabait 36, da kuwa hotunan biki ɗaya sun cika waya, datar wata guda kuma ta ƙare wajen aika kaɗan daga cikinsu. Saboda haka masana suka ƙirƙiro hanyoyi na rubuta wannan bayani a taƙaice, kowace hanya da ƙa'idojinta da haruffan da ake liƙa wa ƙarshen sunan fayil domin a gane ta. Waɗannan hanyoyi su ne nake kira siga. Sauya siga kuwa shi ne a karanta hoto bisa ƙa'idar wata hanya, a sake rubuta shi bisa ƙa'idar wata.

To, a nan ne wanda ya zauna gaban malamai zai riga ɗan boko fahimta. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana: a ta farko mai riwaya yana isar da magana kalma da kalma kamar yadda ya ji ta, a ta biyu kuwa yana isar da manufarta da kalmomin da suka zo masa, kuma waɗanda suka halatta ta biyun sun gindaya mata sharuɗɗa masu tsanani, saboda sanin cewa magana idan ta ratsa bakuna da yawa ta wannan hanya, wani abu yakan zube a kowace gaɓa. Sigogin hoto ma kashi biyu ne kamar haka. Akwai masu taƙaita bayani ba tare da zubar da ko ɗigo ɗaya ba, irin su PNG, da TIFF a yadda aka fi amfani da ita. Idan aka buɗe hoton, zai dawo daidai da yadda aka rufe shi, ko da an maimaita sau dubu. Akwai kuma masu zubar da wani sashe na bayanin da gangan domin hoton ya yi sauƙin ɗauka, shugabarsu kuwa ita ce JPEG.

JPEG sunan kwamitin masanan da suka tsara ta ne, an kuma tabbatar da ita a matsayin ma'auni na duniya a 1992, kuma in za a yi adalci, ƙalilan ne daga cikin ƙirƙire-ƙirƙiren wannan zamani suka yi wa talaka hidima kamarta. Hikimarta ta ginu ne a kan sanin raunin idon ɗan Adam, wanda yake saurin gane bambancin haske da duhu, amma ba ya kaifi wajen gane ƙananan bambance-bambancen launi. Sai ta yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ta dubi kowane gida ta riƙe abin da ido zai nema, ta watsar da abin da take zaton ido ba zai yi kewarsa ba. Da haka hoton nan na megabait 36 yakan koma 3 ko 4, mai kallo kuma bai ga abin da ya ragu ba. Aibinta guda ne, amma babba: abin da ta zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, kuma duk lokacin da aka buɗe hoton aka taɓa shi aka sake ajiye shi, ko aka sake matse shi domin ya yi ƙanƙanta, sai ta sake yanke hukuncinta a kan abin da ya rage.

Na ga wannan da idona a kan hoton mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Hoto ɗaya tak muke da shi nasa, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a gidan hoto yana zaune a kan kujera, sanye da babbar riga mai aska takwas, da rawani, hannunsa na dama a kan gwiwa riƙe da carbi. Wani daga cikin jikokinsa ya ɗauki hoton wannan hoto da waya, ya aika wa 'yan uwa ta WhatsApp, wanda yake matse hoto kafin ya aika; wata ta ɗauki hoton fuskar wayarta da shi ta tura wa wani, wannan ya rage shi ya ɗora a Facebook, wani ya sauke daga can ya yanke gefensa. Bayan 'yan shekaru, da aka tashi buga kalanda ta zuri'a, aka kawo mini abin da ke yawo a hannun yara, sai na ga aikin allurar da ke ƙirjin rigar, wanda a hoton asali kana iya bin zarensa da ido, ya zama wasu tabo-tabo masu kusurwa huɗu, 'ya'yan carbin sun narke sun zama igiya guda, idanunsa kuma, waɗanda duk wanda ya san shi da su yake fara tuna shi, sun zama ramuka biyu baƙaƙe. Alhamdu lillahi takardar asali tana nan a adakar yayarmu, cikin tsumma, aka ɗauko aka sake ɗauka. Da ta ɓata, da jikokin jikokinsa sun gaji fuskar da ba tasa ba.

Wannan ma a kan fuska ke nan. Ku dubi abin da zai faru ga rubutu. A rubutunmu na Larabci da ajami, ɗigo shi ne ke raba ba da ta da nun, a hannun Magaribanci kuma da muka gada, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf. Malamai sun san tas-hifi, wato yadda ɗigon da ya kauce ko wasalin da ya goge ke juya ma'anar jumla. JPEG kuwa a bakin layi mai kaifi ta fi yin ɓarna, inda baƙin tawada ya haɗu da hasken takarda, domin a nan take barin wani hazo-hazo kewaye da haruffa. Shi ya sa masu adana tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan karatu na duniya suka saba ajiye hoton asali a sigar TIFF, wadda kamfanin Aldus ya fitar tun 1986, komai nauyinta, sa'an nan su fitar da ƙananan kwafe a JPEG domin rabawa masu karatu. Duk wanda Allah Ya sa kundin kakanninsa a hannunsa, yana kuma nufin ɗaukar hotonsa, ina ba shi shawara ya bi wannan sunna tasu.

Mai sauraro zai ce, to me ya hana a tsaya a kan siga ɗaya kowa ya huta? Amsar tana cikin tarihi, kuma akwai kuɗi a cikinta. A 1987 wani kamfanin Amurka mai suna CompuServe ya fitar da sigar GIF, wadda ba ta ɗaukar launi fiye da 256, jama'a suka karɓe ta hannu bibbiyu suna zaton ta kowa ce. Ashe dabarar matsewar da ke cikinta mallakar wani kamfani ce, Unisys, kuma a ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu rubuta manhajar da ke amfani da ita za su riƙa biyan kuɗi. Wannan ya fusata masana da yawa, har wasu 'yan sa kai, da jagorancin wani mai suna Thomas Boutell, suka haɗu a farkon 1995 suka tsara wata siga wadda babu mai haƙƙin mallaka a kanta, ta zama kamar waƙafi ga al'umma. Ita ce PNG, wadda aka tabbatar a 1996. Daga baya Google ya fito da WebP a 2010 domin shafuka su riƙa buɗewa da sauri, Apple kuma tun 2017 ya sa wayoyinsa suna ajiye hoto a HEIC, wadda ke cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci. Kowane ɗaya da hujjarsa, hujjojin kuma ba na banza ba ne. Amma shafukan makarantu da ofisoshi da yawa an gina su ne a kan tsofaffin sigogi, ba su san sababbin ba, wahalar sulhunta tsakani kuwa ta faɗa kan ɗalibin da ke zaune a benci.

Akwai wasu kurakurai da suka yawaita, zan bi ta kansu da sauri. Wasu sukan goge haruffan ƙarshen sunan fayil su rubuta JPG, suna zaton sun sauya siga, alhali kuwa sun sauya lakabi ne kawai, kamar wanda ya rubuta "gero" a kan buhun dawa. Abin da ke ciki yana nan yadda yake. Wasu sukan mayar da JPEG da ya riga ya lalace zuwa PNG da fatan zai gyaru, sai ya ƙara nauyi, lalacewar kuma ta tabbata a cikinsa. Masu buga allon talla da katin biki sun san wani: tambarin da aka yi a PNG ba tare da launin baya ba, idan aka mayar da shi JPEG, sai ya fito da farin akwati ko baƙi a bayansa, domin JPEG ba ta san wurin da babu launi ba. Sanya hoto a cikin PDF kuwa kamar sanya littafi ne a gafaka, yana tattara shafuka wuri guda, amma ba ya ƙara wa rubutu kyau.

Yanzu na dawo kan amsar yaron shago, wadda ita ce asalin abin da ya kawo ni. Idan mutum ya ɗora hoto a yawancin irin waɗannan shafuka, abin da ke faruwa shi ne, kwafin hoton ya bar na'urarsa ya tafi wata babbar kwamfuta da ke wata ƙasa, a can aka sarrafa shi, aka ajiye sakamakon har ya zo ya sauke. Wato ya ba da ajiya. Malaman fiƙihu sun keɓe babi guda a littattafansu domin hukuncin wadi'a, suka yi bayanin wanda ake ba ajiya da abin da ke wuyansa idan ya yi sakaci, kuma ko a al'adarmu ta kasuwa, babu mai hankalin da zai miƙa takardar gidansa ga mutumin da bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba, bai ma ga fuskarsa ba, don kawai ya ce zai yi masa aiki kyauta. Amma abin da ba za mu yi a kasuwa ba, shi muke yi a intanet safe da yamma. Wasu daga cikin shafukan suna rubuta cewa sukan goge abin da aka ɗora bayan 'yan sa'o'i, kuma ba na shakkar akwai masu cika wannan alkawari. Sai dai shaida ce ta mutum a kan kansa, ba ka da hanyar tabbatar da ita, in kuma aka saɓa, ba ka da alƙalin da za ka kai ƙara. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, abin a yaba, amma da wuya hannun doka ya kai ga wanda ba a san sunansa ba balle mazauninsa. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ke biyan kuɗin wuta da na manyan kwamfutoci domin ya yi maka aiki ba ka biya ba, yana da inda yake mayar da kuɗinsa. Mafi yawansu daga talla ne, wannan kuwa halal ɗinsu ne, amma ba dukansu ba.

Ba zato nake faɗa muku ba. A watan Maris na 2025, ofishin hukumar binciken laifuffuka ta Amurka, FBI, da ke birnin Denver, ya yi gargaɗi ga jama'a a kan wasu shafukan sauya sigar fayil na kyauta, ya ce sukan yi aikin da aka nema daidai, domin kada a yi zarginsu, amma abin da mutum ya sauke yakan zo da muguwar manhaja a ɓoye wadda ke buɗe wa ɓarayi ƙofar kwamfutarsa, kuma sukan tsince bayanan da ke cikin takardun da aka ɗora, kamar ranar haihuwa, da lambar waya, da bayanan banki. Ku tuna abin da yaron nan ya ɗora a gabana cikin minti biyar: suna, da sunan uba, da ranar haihuwa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da fuska. Wanda ya tara waɗannan a hannunsa ya sami kusan duk abin da ake buƙata domin a yi sojan gona da sunan mutum.

Akwai kuma abin da hoto ke ɗauke da shi wanda ido ba ya gani. Kyamara takan rubuta wani bayani a ɓoye a cikin fayil, wanda masana ke kira Exif: irin wayar da aka yi amfani da ita, da rana da sa'ar ɗauka, in kuma an bar manunin wuri a kunne, har da daidai inda aka tsaya a bayan ƙasa. A watan Disamba na 2012, wani Ba'amurke mai suna John McAfee, wanda ya yi suna wajen ƙera manhajar kare kwamfuta, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Beliz da ke neman yi masa tambayoyi, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba tare da sun goge wannan bayani ba, nan take duniya ta gane yana Gwatamala. Manyan shafukan zumunta sukan cire wannan bayani daga hoton da jama'a ke gani, amma hoton da ka ɗauko kai tsaye daga kyamararka ka ɗora a shafin sauya siga, da bayaninsa yake tafiya. Ina faɗin wannan ne musamman saboda 'ya'yanmu mata da iyalanmu. Hoton da aka ɗauka a tsakar gida, na amarya ko na mai jego, yana iya ɗauke da kwatancen gidan, sutura kuwa da Musulunci ya umurce mu da ita ba ta tsaya ga tufafi da katanga kaɗai ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, kuma shi ne ya fi ba ni fata, shi ne cewa mafi yawan wannan kasada ba ta da dalili, domin na'urar da ke hannunmu tana iya aikin da kanta. Duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows tana da wata ƙaramar manhaja mai suna Paint, wadda za ka buɗe hoto a cikinta, ka rage tsawonsa da faɗinsa, ka ajiye shi a JPEG ko PNG, ba tare da ka taɓa intanet ba. A kwamfutar Apple kuma Preview tana yin haka. Akwai manhajoji sanannu da ake saukewa sau ɗaya daga shafukan masu su, kamar GIMP da IrfanView da XnConvert, wasunsu suna juya hotuna ɗari a lokaci guda, sai dai mai shago ya duba sharaɗin kowacce game da amfani da ita a kasuwanci. Mai iPhone yana iya shiga saitin kyamara, wurin da aka rubuta Formats, ya zaɓi Most Compatible, daga nan wayar ta koma ajiye hotuna a JPEG, matsalar HEIC ta ƙare tun daga tushe. Idan kuwa lalura ta sa dole sai an bi ta intanet, akwai shafukan da ke yin aikin a cikin na'urarka ba tare da sun aika da hoton ko'ina ba, irin su Squoosh da Google ya fitar a 2018. Hanyar jarraba irin wannan da'awa kuwa mai sauƙi ce, ka buɗe shafin, ka kashe data, ka gwada: in ya yi aiki, to a gida yake yin sa.

Game da nauyi kuma, wanda aka ce kada hotonsa ya wuce kilobait kaɗan, ya fara da rage girman hoton, wato adadin ɗigonsa, kafin ya taɓa ingancinsa, domin hoton fasfo ba ya buƙatar ɗigo miliyan 12. 'Yan ɗaruruwa a tsaye da a kwance sun wadatar, fuska kuma ta fito sarai. Kuma ko da yaushe a yi aiki a kan kwafi, a bar asali a wurinsa ba a taɓa shi ba, in ana buƙatar wata siga gobe, a koma ga asalin a sake fitarwa, kada a fitar daga kwafin kwafi. Wanda zai aika wa ɗan uwansa hoto mai daraja ta WhatsApp, ya aika shi a matsayin takarda, domin ta wannan hanya yana isa yadda yake. Ya dai tuna cewa bayanin ɓoyen ma yana isa tare da shi. Abu ɗaya kuma da ba ni da sassauci a kansa: idan ka nemi hoto, shafi ya ba ka fayil da sunansa ya ƙare da EXE ko APK, ko ya ce sai ka girka wani abu tukuna, kada ka buɗe, ka rufe shafin ka tafi.

Ba na cewa a ƙaurace wa waɗannan shafuka baki ɗaya. Hoton shimfiɗar gona, ko na kayan da kake tallatawa, ko na sanarwar da dama don jama'a aka yi ta, babu wata babbar hasara idan baƙo ya gan shi. Magana tana kan abin da ba za ka yarda a liƙa a bangon tasha ba.

Ina kuma da ƙorafi a kan masu gina shafukan makarantu da ma'aikatu. Rage hoto da sauya sigarsa aiki ne da kwamfutarsu za ta iya yi cikin ƙiftawar ido bayan ɗalibi ya ɗora, kuma masu wannan sana'a sun san haka. Ɗora wa ɗan talakan da ya taso daga ƙauye da kuɗin mota ƙididdigagge nauyin sanin kilobait da siga, shi ne ke tura shi hannun wanda bai sani ba. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, 'ya'yana masu shagunan kwamfuta, domin ta hannunku takardun gari duka suke bi. Dattijon da ya miƙo maka katinsa, da yarinyar da ta miƙo maka takardar haihuwarta, ba su san HEIC ba, ba su san JPEG ba, kai suka sani, kuma amana suka ba ka. Ku girka manhajar sauya siga a kwamfutocinku tun yau, ku yi aikin a cikin shago, ku daina ɗora takardun mutane a shafin da ba ku san mai shi ba, in kun gama kuma ku goge kwafin a gaban mai shi kafin ya tashi daga benci.